Kawu Ba-Komai da Kwalayen da Ba a Yanke Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutum ne da ba a taɓa jin muryarsa daga ɗaki na biyu ba. Gajere ne, siriri, yana tafiya kamar mai gudun taka ƙwai. Idan aka yi masa laifi ba ya zagi, ba ya kai ƙara wurin kowa. Sai ya gyara zaman tabaraunsa ya ce, "Ba komai." Daga nan sunan ya bi shi, har yaran layinsu suna gaishe shi da Baba Ba-Komai, shi kuma yana amsawa.

Mu a gida mun san abin da ke ƙarƙashin sunan. Inna takan ba mu labarin maƙwabcin da ya sare masa reshen bishiya tun suna samari, wai ganye na zuba masa a tsakar gida. Kawu ya ce ba komai. Shekaru suka shuɗe, maƙwabcin ya sa gidansa a kasuwa. Duk mai sayen da ya zo sai Kawu ya tare shi a bakin ƙofa, ya gaishe shi da kyau, ya nuna masa inda ruwa ke kwanciya da damina da inda bango ya tsage aka shafe. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Gidan ya daɗe bai sayu ba. Inna takan ƙare da cewa yayanta ba ya yafiya, ajiya yake yi. Mukan yi dariya, domin a lokacin labarin wani ne.

Da gyaran rediyo ya fara, a kan wani tebur mai gurguwar ƙafa a bakin hanya. Da rediyo ya ja baya ya koma tafireta, daga nan talabijin, daga nan kwamfuta. Bai yi makarantar abin ba. Buɗewa yake yi ya duba, ya ɓata biyu ya gyara uku, har hannunsa ya faɗa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai zurfi a layin masu kayan lantarki. A gaba akwai akwatin gilashi na nuna kaya, a baya teburin aiki da ƙarfen dalma da gwangwanayen madara cike da ƙananan noti. Warin dalma ya kama rigunansa har matarsa ta daina faɗa da shi.

Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Matarsa kuma surukarta take ce mini. In na shiga gidan sai ta durƙusa da gangan ta ce in yi wa ɗana magana ya riƙa dawowa gida da wuri. Ranar da zan tafi jami'a ya ba ni kwamfutar cinya da ya haɗa daga matattu uku, murfin baƙi, jikin ruwan toka. Ƙawayena suka sa mata suna Mai Zane Biyu, amma ita ta kai ni har ƙarshen karatu.

Akwai kamfani a garinmu da ke haɗa kwamfutar cinya. Kayan cikin daga waje ake kawowa, a nan ake ɗaura su a sa musu suna. Da farko babu wanda ya yarda da su. Wani saurayi ne ke yawo da guda biyu a jaka, rigarsa sharkaf da gumi, kowane shago ya shiga a sallame shi. Kawu ne ya ba shi kujera, ya buɗe ɗaya a gabansa har noti na ƙarshe, ya duba, ya rufe, ya ce a bar masa. Shagonsa ne na farko da ya rataya allon kamfanin. Yakan ce wa masu saye in ta lalace su kawo masa, kada su nemi kamfani, shi ya tsaya mata. Saurayin nan Baba yake ce masa, a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Da tafiya ta yi tafiya ya zama shugaban sashen ciniki, ya fara fesa wani turare da ke riga shi shiga ɗaki. Layin ya sa masa suna Mai Turare.

Na gama jami'a na zauna a gida har maƙwabta suka daina tambayata labarin aiki, suka koma yi mini kallon tausayi. Kawu ya buga waya sau ɗaya. Mai Turare ya ɗauke ni a sashensa a matsayin gwaji, in na yi abin kirki a tabbatar da ni. Ranar da na karɓi katin shiga ofis Inna ta riƙe shi da hannu biyu kamar jariri.

Kamfanin duk wata uku yake auna kansa. Zango muke ce wa wannan. A bangon ofishinmu akwai farin allo mai sunan kowa da yawan abin da ya sayar, kuma ranar rufe zango ake aika sakamakon ga masu kamfani. Kowa da allon yake kwana, da shi yake tashi.

Ban daɗe da farawa ba aka shiga ƙarancin kaya. Ɗan ƙaramin abin nan mai kamar farce, wanda shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya yi wuyar samu. Masu haɗa kaya a ƙasan benenmu suka zauna suna latsa wayoyinsu, gangar jikin kwamfutoci jere a kan tebura babu abin sa musu. 'Yan kaɗan da ake iya kammalawa sai Mai Turare ya yanke shawarar a kai su duka wani babban kanti a sabon ginin kasuwanci, mai ɗaukar kaya da yawa a lokaci guda. Ƙananan shaguna su jira.

Lokacin komawa makaranta ne. Iyaye sun zo wurin Kawu neman kwamfuta, shi kuma ya ce musu ƙarshen wata, domin haka Mai Turare ya faɗa masa da bakinsa. Cikinsu har da wani tela, abokinsa tun zamanin teburin rediyo, wanda 'yarsa ta sami gurbin karatun zanen gini. Wata ya ƙare. Kawu ya yi ta kira ba a ɗauka. Sai wata safiya Mai Turare ya zo da kansa a motar kamfani, da lebura biyu, da ni a kujerar baya, don bai gaya mini inda za mu ba. Babban kantin ya kafa sharaɗin cewa shi kaɗai zai riƙa ɗauke da sunan kamfanin a yankin. An zo cire allo da ɗauke kwamfutar nuni da ke cikin gilashi.

Kawu ya tambaye shi zancen alkawari, a hankali, kamar mai tambayar lafiyar iyali. Maƙwabta sun riga sun fito. Mai Turare ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, zamani ya wuce wurin nan. Ka riƙe gyaran rediyonka, shi ka fi iyawa."

Wasu suka yi dariya, irin wadda ke kuɓuce wa mutum ba da nufi ba. Kawu ya gyara tabarau. Da sukudireban leburorin ta ƙi shiga notin allon, shi ya shiga ciki ya ɗauko musu tasa. Ni kuwa na nutse a kujera, na kasa fitowa in gaishe shi.

Telan ya zo da yamma ya ga gilashi wayam. A bakin shago, gaban jama'a, ya ce shekara da shekaru suna tare, ashe Kawu ma ya iya ƙarya. Ya je ya saya wa 'yarsa ta gwanjo, kwamfutar ta mutu kafin a yi nisa da karatu, ya daina gaishe da Kawu ko a wurin jana'iza. Matar Kawu ta gaya mini a ranar bai taɓa abinci ba. Zama ya yi yana goge gilashin da babu komai a cikinsa.

Bayan wasu watanni kaya suka dawo, kuma gaba ɗaya suka dawo. Sai dai mutane sun gaji da jira, sun sayi na gwanjo. Babban kantin ya cika, ya ce kada a ƙara kawo masa ko ɗaya. Sitonmu ya cika har rufi, zango na neman ƙarewa, allon ofis kamar an share shi. Mai Turare ya fara zuwa aiki da jajayen idanu.

A nan dole in bayyana yadda ake yi. Da zarar kwali ya fita ƙofar sito zuwa shagon dillali, an rubuta shi a matsayin an sayar. Dillali kuma yana da damar mayar da duk kwalin da ba a yanke tef ɗinsa ba, a cire shi daga cinikin zangon da aka mayar a ciki. Saboda haka idan zango ya yi tsanani, sai a roƙi dillalai su karɓi kaya fiye da ƙarfinsu, allo ya yi kyau, masu kamfani su ji daɗi. Bayan an rufe zango a dawo da su a hankali, kaɗan-kaɗan. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Kowa ya sani, kowa yana yi, kuma ba a taɓa samun wanda ya saɓa ba.

Mai Turare ya kira ni ofishinsa. Ya ce ni 'yar gida ce, in je in lallaso kawuna, shi kuma layin duka suna jin maganarsa. Duk abin da suka karɓa da sunana za a rubuta, kuma da an rufe zango zai sa hannu a tabbatar da ni.

Na je da dogon jawabin da na shirya. Kawu bai bari na kai rabi ba. Ya ce a kawo iya abin da shago zai ɗauka, zai kuma yi wa maƙwabta magana. Ya bi su shago-shago yana shan shayi, mutanen da su ma aka bar su da gilashi wayam a lokacin ƙaranci. Motoci suka yi ta sauke kaya. Sunana ya hau saman allo, abokan aiki suka fara kirana uwar ɗakin sashe, suna cewa in tuna da su in na zama manaja.

Da na gaya wa Inna sai ta ajiye tiren da ke hannunta. Ta tambaye ni ko da bakinsa ya ce a kawo. Na ce da bakinsa, har da murmushi. Sai ta ce kada in yi saurin kai ɗinki.

Ranar wata Asabar na biya shagon. Kwalaye sun kai rufi, sai da na bi ta gefe kafin na isa teburinsa. Muna cikin hira wani mutum ya shigo, da alama malamin makaranta ne, ya ambaci irin kwamfutar da yake so, wadda ke jibge a bayansa. Kawu ya ce babu. Mutumin ya juya ya nuna kwalayen. Kawu ya ce waɗannan da mai su. Bayan ya fita na bi kwalayen da ido. Babu tef ɗin da aka taɓa. Na leƙa shagon da ke kusa, haka. Na gaba ma haka. Na dawo wurin Kawu.

"Kawu, mayarwa za ku yi?"

"Haka dokarsu ta ce, Uwata. Kwalin da ba a yanke ba, a mayar."

"Ai sai an rufe zango ake mayarwa."

"Wannan al'ada ce. Ba doka ba ce."

"Sunana ne a kai, Kawu."

Ya hure hayaƙin dalma daga fuskarsa, ya ci gaba da aikin da ke gabansa. Na tsaya har na gaji, bai ɗago ba.

Ranar Litinin na shiga ofishin Mai Turare na gaya masa. Ya yi dariya da farko, sannan ya daina. Kafin azahar muna layin. Ya shiga shagon da sallama, ya rage tsawo, ya kira Baba ya fi a ƙirga. Ya ce sharrin zamani ne, daga sama aka matsa masa, shi ɗa ne, ɗa kuma yakan yi kuskure. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce allon da aka cire yake so a mayar. Mai Turare ya ce yanzu zai kira lebura. Kawu ya ce a'a, hannun da ya nuna a cire shi zai mayar.

Aka aika direba ya ɗauko allon. Mai Turare ya cire kwat ya miƙa mini, ya hau tsani da takalmin ofis. Kawu da kansa ya riƙe masa tsanin. Layin gaba ɗaya ya fito. Mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta ya zo yana ba da shawara, wai yallaɓai ya riƙe noti a baki kamar yadda masu sana'a ke yi. Wani ya ce yau turare ya gamu da gumi, a ga wanda zai yi nasara. Da ya gama ya fara saukowa, Kawu ya ja da baya ya duba, ya ce ya ɗan karkace hagu. Ya sake hawa.

Da ya sauko karo na biyu, hannunsa baƙi, ya ce, "Baba, mun shirya ko?"

Kawu ya ce allon ya zauna daidai.

A mota Mai Turare ya yi ta goge yatsunsa, yana cewa tsofaffi sai da lallashi, amma bari a rufe zango, zai nuna wa mai rediyon nan iyakarsa. Ni dai hankalina ya kwanta. Na ɗauka an biya Kawu abin da yake nema, a gaban mutanen da aka ci masa fuska.

Ranar rufe zango an sayo lemon kwalba an jera a teburin taro. Akanta yana ta zolayar mutane. Da rana ta karkata sai mai sito ya hauro bene yana haki, ya ce a leƙa taga. Motocin haya ne jere daga ƙofar sito har kwanar titi, da kekunan ɗaukar kaya a bayansu. A gaban motar farko Kawu ne zaune, cikin farar rigarsa ta zuwa taro.

Mai sito ba shi da ikon ƙin karɓa. Ya duba tef, ya ga lafiya, ya karɓa. Mai Turare ya sauka a guje, muka bi shi. Ya yi roƙo, ya yi barazana, ya ce gobe kawai, gobe da safe a kawo. Masu shagunan suka ci gaba da sauke kaya kamar ba da su yake ba. Da ya cafki hannun rigar Kawu, sai Kawu ya ce ya yi hankali da kwalin da ke gefensa, in tef ya yage shi Mai Turare ne zai biya.

Da muka koma sama, ina tsaye akantan ya ɗauki tsumma ya goge allon ofis. Daga sunana ya fara, domin shi ne a sama. Babu wanda ya buɗe lemon.

Cinikin zangon ya faɗi ƙasa da na lokacin ƙarancin kansa. Masu kamfani suka turo mutane su bincika, suka gano yadda aka daɗe ana cika allo. Aka sallami Mai Turare. Kafin ya tafi ya gaya musu da ni aka haɗa baki, ni na kawo kawuna, ni na san komai. Na yi bayani, na ce ni ce ma na faɗa masa. Matar da ke kula da ma'aikata ta saurare ni da fuskar tausayi, sannan ta ce in ajiye katina a teburin mai gadi. Mutanen da ke kirana uwar ɗaki suka duƙufa a kan kwamfutocinsu har na wuce.

Daga nan shagon na nufa. Ya koma fili kamar da, Kawu na zaune a bayan teburinsa. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Na ce an kore ni. Ya ce ya ji. Na ce mutumin ya hau tsani a gaban kowa, me kuma ya rage?

"Allo ya mayar," in ji shi. "Wa zai je ya gaya wa tela ban yi masa ƙarya ba?"

"To ni fa? Me na yi maka?"

Ya cire tabaraun gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. "Na san zai shafe ki. Na auna, na sake aunawa. Ke yarinya ce, za ki sami wani. Ni ba ni da wani sunan."

Na jira ya ce in yi haƙuri. Bai ce ba. Ya tura mini kujera da ƙafa, ya ce in zauna a kawo shayi. Na juya na fita.

An ce Mai Turare ya sayar da motarsa, an gan shi yana yawo da jaka yana tallan na'urar cajin waya, kuma ba ya biyowa ta layin. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. In na tuna abin da ya faɗa a kaina, har addu'a nake rana ta ƙara masa zafi. Telan kuwa har yau bai gaishe da Kawu ba. Ya ce shi bai ga abin da mayar da kwalaye ya ƙara wa 'yarsa ba.

Ni na koma zaman gida. Wurare biyu sun kira ni ganawa, duka biyun sun tambayi dalilin barina aikin farko, kuma na ga yadda fuskokinsu suka canza kafin in rufe baki. In waya ta yi ƙara sai in ruga in duba wa ke kira. Ko motar kaya na gani a titi sai in kau da kai. Tsakanin yayanta da 'yarta, Inna ta zaɓi wanke-wanke.

Shekaranjiya matar Kawu ta zo. Ba ta durƙusa ba, ba ta kira ni suruka ba. Ta zauna a bakin gado ta ce masu shagunan layin sun haɗu za su riƙa sayo kaya kai tsaye daga waje, tunda kamfanin ya daina ba su, kuma suna bukatar mai ilimi da zai riƙa yi musu magana da masu kayan. Kawu ya ce babu wanda ya dace sai Uwata. Albashin ma ya fi na wancan wurin. Ta ce tun ranar nan ba ya barci sosai, ko da yake ba zai faɗa ba.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da soso a hannu, tana kallona. Ina bukatar aikin, duk mun sani.

Na ce wa matar Kawu ta gaishe shi. Ta ce sai me kuma? Na ce in yana so, ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya tako da ƙafarsa, ya faɗa mini a gaban Inna da maƙwabtan da suka ga na dawo gida. Ta tambaye ni ko in ya zo zan karɓa.

Na ce ya zo tukuna.